Na Je Dubai Dafa Faten Tsaki

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan biki, a Islamiyyar matan unguwarmu, har a wajen masu kayan miya a kasuwar Tudun Wada, sai an tare ni: Malama Hajara, yaya Dubai? Kin hau dogon benen nan? Kin shiga kasuwar gwal? In na ce daga nesa na hango su, sai a ɗauka rowar labari nake yi. To ga shi na zauna na rubuta, wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata. Ni ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Fate na je dafawa.

Safiya 'yar ƙanena ce, amma a hannuna ta tashi tun bayan rasuwar mahaifiyarta. Ta karanci haɗa magunguna, ta auri Nura, wani Bakano mai aiki a ofishin jigilar kaya a unguwar Al Khabaisi ta Dubai, suka tare a can. Cikinta na fari ya zube. Da ta samu na biyu sai laulayi ya sa ta gaba, ko ruwa ta sha sai ya dawo. An kwantar da ita an yi mata ƙarin ruwa, an sallame ta, an sake kwantarwa. Wata rana da hantsi Nura ya kira ni.

"Gwaggo, likita ta ce in ta ci gaba da ramewa haka, abin zai taɓa cikin. Babu abin da ban kawo mata ba a garin nan. Ta ce ita fatenki kawai take gani a ido."

Na ce ya ba ni ita. Da ƙyar nake jin muryarta.

"Gwaggo, mai yakuwa da yawa. Irin wanda kike mana ran Asabar da safe."

Daga ranar zama ya gagare ni. Kafin biza ta fito na kai masara an surfa, an ɓarza, na bakace ta da hannuna. Na shanya yakuwa a inuwa, na daka gyaɗa, na ɗura manja a galan na naɗe bakin da leda. Kullum sai na kwance jakar na sake ɗaurewa. Daddawa ce kaɗai na sa a jakar hannu, ita ma don ta ƙi shiga babbar ne.

Daga Zariya na shiga mota zuwa Kano. Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan taya ta yi faci. Sauran fasinjoji suka samu gindin bishiya suka zauna, ni kuwa ina ta kai da kawo a kan direba har ya ɗago ya ce, "Hajiya, tsayuwarki ba za ta ɗaura tayar nan ba." Mun dai isa filin jirgi da sauran lokaci.

Ban taɓa hawa jirgin sama ba sai ranar. Allah ya haɗa ni kujera da wata 'yar kasuwa, Hajiya Balaraba, wadda ta ce ta daina lissafin zuwanta Dubai. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta nuna mini yadda ake buɗe banɗaki, ita ta ja ni a filin jirgin Addis Ababa inda muka canja jirgi, tana tafe tana hanzarta ni tana cewa "Yalla, Malama, yalla." Da ta ji abin da ke cikin jakata sai da ta yi dariya har da share hawaye.

"Mutane na zuwa Dubai su ciko kwantena, ke kin ɗauko tsaki kin kai musu."

Da muka sauka Dubai, a wajen duba fasfo, wani saurayi cikin farar jallabiya ya nuna mini wata na'ura ya ce in kalle ta. Ashe ƙwayar ido take ɗauka. Ni kuwa da na kalla sai in ƙifta. Ya ce in cire tabarau, na cire, na sake ƙiftawa. Sai da Hajiya Balaraba ta ce daga bayana, "Ki zaro ido kamar ɗalibi ya yi miki ƙarya," sannan abin ya ɗauka. A gaba kuma wata ma'aikaciya ta buɗe jakar hannuna, ta warware ledar daddawa, ta ja da baya tana toshe hanci. Hajiya ta yi mata bayani da Larabcinta na kasuwa, matar ta juya ƙwallon daddawar a hannu, ta ce "Khalas," wato shi ke nan, ta mayar mini.

Sai wajen ɗaukar kaya. Jakunkuna suna ta zagayowa, kowa na ɗaukar tasa, har wurin ya rage daga ni sai wani keken yara da ba mai shi. Tawa ba ta zo ba. Bari in gama da zancenta tun yanzu: sai da na kusa dawowa ta iso, galan ɗin manja ya fashe a ciki, tsakin ya jiƙe ya yi hunhuna. Ko tsuntsu ba zai ci ba.

Nura ya zo tarbata. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar mutane, ya ce kada in damu, Dubai babu abin da babu. Gidansu yana can saman wani bene kusa da Al Rigga, ɗaki biyu da falo da wani ɗan baranda da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Da na ga Safiya sai da na dafa bango. Yarinyar da na aurar da kumatunta, ga ta duk ƙashin wuya a waje, leɓe ya bushe, zoben aurenta yana yawo a yatsa. Ta rungume ni, sannan ta leƙa bayana tana neman jaka. Ban iya gaya mata ba, Nura ne ya faɗa. Ta koma ta kwanta ta juya fuska bango.

Zaman gidan nan ya yi mini wuya. A Zariya kafin rana ta take tsaka mutum nawa suka yi sallama a gidana, wannan aron turmi, wannan cigiyar akuya. A can kuwa ƙofa na kallon ƙofa amma ba wanda ya san sunan wani. In kun haɗu a lif kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Na gaida wata mata da ke ƙofar da ke kallon tamu, ta yi murmushi ta yi sauri ta rufe. Ciki sanyin esi har ƙashi, waje kuwa kana buɗe ƙofa kamar ka leƙa tanda. Abinci ma ba a cika ɗora tukunya ba, waya ake latsawa, wani ya kawo a babur. Nura ya sa an kawo mini irin karin kumallon 'yan ƙasar don in ɗanɗana: taliya ce siririya da sukari, an ɗora mata wainar ƙwai a kai. Na ci don kada ya ji babu daɗi. Shayinsu mai kauri da Indiyawa ke dafawa ne dai ya shiga raina.

Washegari Nura ya dawo daga babban kanti da wani kwali, yana murna.

"Gwaggo, ga tsakin Turawan Amurka. Masara ce zalla. An rubuta a jiki da madara da bota da cuku ake dafa shi, su ma da safe suke ci."

Na zuba a tafin hannu. Masara ce kam, amma ta yi laushi, tsakanin gari da tsaki. Na ce a gwada. Babu manja, babu yakuwa, sai alayyahu da lemon tsami. Murhun nasu na lantarki ne, ba ka ganin wuta balle ka san ƙarfinta. Ina soya albasa mai ya ƙone, hayaƙi ya tashi, sai wani abu a rufin kicin ya ɗauki ƙara kamar za a tashi gari. Nura ya hau kujera yana yi masa fifita da tawul, ni ina tsaye da ludayi ban san inda zan nufa ba. Da aka samu ya yi shiru na zuba tsakin, kafin in juya sau biyu ya narke ya zama kamar talge. Safiya ta kai cokali ɗaya baki, ta runtse ido ta haɗiye don ta faranta mini. Ko kwanon ban ɗauke ba ta tashi da gudu zuwa banɗaki.

Da yamma likitarta ta duba ta, ta ce in ba a ga canji ba zuwa ganin gaba, gado za a sake ba ta. Na ce wa Nura gobe ba zan wuni a gidan nan ba, ya kai ni duk inda baƙar fata ke sayar da abinci.

Muka shiga jirgin ƙasansu mai tafiya babu direba. Na ciro dabino zan jefa a baki, Nura ya yi saurin cewa, "Gwaggo, a mayar. Ba a ci a ciki, tara ake cin mutum." Na mayar ina mamakin ƙasar da dabino ya fi komai yawa amma a hana ka ci a mota. Muka sauka muka bi shaguna a cikin lungunan Deira. Akwai garin kwaki, akwai agushi, akwai busasshen kifi, har kuka da kuɓewa na gani. Tsaki kuwa duk wanda na tambaya sai ya girgiza kai. Shago na ƙarshe na wata Bahaushiyar Kumasi ce, ta sayar mana da manja, ta ce, "Maame, wannan abu ba a nemansa a nan. In na kawo shi ƙwari ne za su ci."

Ina cikin yi mata bayanin yadda yarinyata take, sai na ji murya daga bayan firji.

"Mama, gwate za ki yi?"

Wani mutum ne ya ɗago, hannunsa duk baƙin mai, yana gyaran injin firjin. Sunansa Bitrus, mutumin Filato, yana aikin gyaran na'urorin sanyi a Al Quoz. Ya ce tun da na buɗe baki ya san daga Zazzau nake, don ya yi makaranta a Wusasa. Ya ce matarsa ma da cikin ɗansu na fari gwate, wato fate a bakinsu, kaɗai ta iya riƙewa.

"Tsaki dai ba za ki samu a shago ba. Amma akwai 'yan Kenya a ɗakinmu, suna da farar masara, da wake suke dafa ta. Kuma na san inda injin niƙa yake. Ran Lahadi in mun taso daga coci ku same ni."

Kwanakin da suka rage kafin Lahadin nan, ban san yadda na yi su ba. Na wanke kicin ɗin da ba datti, na ninke kayan da aka riga aka ninke. Safiya na kwance tana tsotsar ƙanƙara, ni ina zagaya falo.

Al Quoz ba ta yi kama da Dubai ɗin da kuke gani a waya ba. Manyan rumbunan ajiya ne na kwano, da garejoji, da manyan motoci, da gidajen ma'aikata inda aka shanya kaya a kowace taga. Maza ne ko'ina, 'yan ƙasashe daban-daban, wasu na aski a bakin hanya, wasu na zaune a inuwar bango suna waya da gida. Bitrus ya fito da masara a buhun shinkafa. Nura ya sa hannu a aljihu, Bitrus ya ɓata fuska ya ce, "Haba Oga, mai ciki fa aka ce."

Mai injin wani dattijo ne ɗan Pakistan, gemunsa ja da lalle. Alkama yake niƙa wa masu gurasa. Bitrus ya yi masa bayani da gaurayen Turanci da Larabci, yana cewa "Shwaiya, shwaiya," wato kaɗan-kaɗan, dattijon yana gyaɗa kai. Ya juye kashi ɗaya a inji, sai ga gari lukui yana zubowa, irin na tuwo. Na ɗaga hannu biyu ina cewa ya tsaya, da Hausa, kamar zai ji. Ya kashe inji yana kallona. Na duba gefe na ga wani buhu da karyayyar shinkafa, na ɗebo a hannu na nuna masa, na nuna masarar, na kwatanta da yatsu. Ya ɗau ƙwaya ɗaya ya duba, ya ce wani abu da yarensu, ya sassauta wani ƙarfe a jikin injin. Ya zuba kaɗan, ya tara hannu, ya miƙo mini. Tsakin ya yi girma. Dattijon ya ƙara ɗaure ƙarfen. A karo na gaba da na murza a tafin hannu, na ji shi daidai. Na ce "Alhamdu lillahi," shi ma ya ce "Alhamdu lillahi." Iyakar hirar da muka iya yi da juna ke nan.

Muna fitowa, a ƙofar wani ɗan shagon kayan lambu na Indiyawa, na hango wani ganye an ɗaure shi dami-dami, karansa ja-ja. Na tsaya. Na tsinki ɗaya na tauna, tsami ya cika mini baki. Yakuwa ce, ɗanya shar. Mai shagon ya ce su gongura suke ce mata, mutanen yankinsu ba sa rabuwa da ita. Na kwashi dami huɗu, har da wani ƙaramin yalo mai kama da gauta. Nura yana ta cewa, "Gwaggo, firjin fa ƙarami ne."

Saura aiki ɗaya. Masarar ba a surfa ta ba, dusa ta yi yawa a ciki. Babu faifai, sai na ɗauki tiren shayi na fita baranda na shiga bakace. Iska kuwa a saman nan ba a magana, tana ta kwashe dusar, ni ina jin daɗi aiki na sauri. Can sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gadin benen ne, da wata Balarabiya daga hawan da ke ƙasa da mu, riƙe da baƙaƙen abayoyinta da ta shanya, sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu hoda. Tana faɗa, Nura na ba da haƙuri, ni ina tsaye da tire a hannu, shaida ta kama ni. Da Nura ya ce mata matarsa ce ba lafiya da juna biyu, sai ta sassauta, ta leƙa tiren ta tambayi mene ne. Na karɓi abayoyin na ce ni zan wanke. Ta hana, na ƙi saki, har ta bar mini. Sauran dusar a ruwa na rege ta.

Da na idar da sallar asuba na shiga kicin na rufe ƙofa, na toshe ƙasanta da tsumma, don tsoron kada warin daddawa ya tayar mata da zuciya tun ba a je ko'ina ba. Wannan karon na rage wutar can ƙasa. Na narka manja kaɗan, na zuba jajjagen albasa da tattasai da attaruhu guda ɗaya tak. Na tsaida ruwa, na sa daddawa da busasshen kifin da na gyara, da gyaɗar da Nura ya markaɗa mini a inji. Da ya tafasa na riƙa zuba tsakin da hannun hagu ina juyawa da na dama don kada ya yi gudaji. Ya fara kauri yana ɓal-ɓal, yana fantsamo mini a hannu. Na jefa yalon. Da tsakin ya nuna, ya yi taushi amma da sauran ƙwayarsa a harshe, na zuba yakuwa mai yawa, ta narke ta ba shi launi, sannan alayyahu da lawashi daga ƙarshe.

Ban ji buɗe ƙofa ba. Na juyo ne kawai na ga Safiya tana dafe da bango.

"Koma, zan kawo miki. Warin zai dame ki."

"Shi ya taso ni, Gwaggo."

Ta zame ta zauna a ƙasan kicin, kamar yadda take yi tana yarinya. Na zuba mata kaɗan a kwano, ina fifita shi da murfin tukunya. Ta kai cokali na farko, ta tsaya. Ni ma na tsaya. Ta kai na biyu. Nura yana bakin ƙofa da rigar aiki a hannu, ya kasa sawa. Safiya ta ci gaba da ci har ta kankare kwanon. Ta miƙo ta ce a ƙara, na ce a'a, a bari mu ga zamansa tukuna.

Wannan jiran ya fi komai tsawo a tafiyar. Na fita falo, na dawo, na leƙa baranda, na dawo. Ko tari ta yi sai in rugo. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, ta jingina kai da ƙofar firji. Da na sake leƙowa, barci ya ɗauke ta a zaune, kwanon yana kan cinyarta. Nura ya juya ya shiga ɗaki, na ji yana fyace hanci.

Ba zan ce muku daga ranar ta warke ba. Akwai safiyar da faten ya dawo, akwai ranar da ko kallonsa ba ta so. Amma yawanci yana zama, kuma daga shi ta fara karɓar shayi da ɗan biredi. Da aka koma asibiti likita ta ɗora ta a sikeli, ta ce ramar ta tsaya, ba sai an ba ta gado ba. Na zuba fate a kula na aika wa Bitrus da 'yan ɗakinsu. Ya aiko cewa 'yan Kenya sun cinye, shi ɗanɗano kawai ya samu, a sake. Na kai wa Balarabiyar ma tare da abayoyinta. Kwanon ya dawo da dabino a ciki, ban dai sani ba ko ta ci.

Sai ga wa'adin bizata ya ƙarato, cikin Safiya kuwa da sauran watanni. Tsayuwa a kan wuta tana sa ta jiri. Na dubi Nura na ce ya zo ya koya.

"Ni Gwaggo? Bakano da faten Zage-zagi? In aka ji a Kano ai na shiga uku."

"In aka ji a Zariya ma cewa za a yi bawa ya koyi abincin iyayen gidansa. Wanke hannu."

Safiya na daga falo tana dariya, karo na farko da na ji dariyarta tun zuwana. Na farkon da ya yi gudaji ne zalla. Na biyu ya cika ruwa har ana iya sha da kofi. Amma yaron yana da naci, kafin ya tafi ofis sai ya tsaya a gefena yana kallon hannuna, yana tambayar abin da ban taɓa tunanin ana tambaya ba, wai ludayi nawa, wai minti nawa. Na ce ni ban taɓa aunawa ba, ido ne da hanci.

Ranar tafiyata Safiya ba ta raka ni filin jirgi ba, warin mota na tayar mata da zuciya. A bakin lif muka yi sallama. Ta riƙe gefen mayafina ta ƙi saki har ƙofar ta fara rufewa.

Dubai ɗin da na gani ke nan. Dogon benen ta tagar mota na hango shi a hanyar filin jirgi, Nura ya nuna mini, kafin in gyara tabarau mun wuce.

Da safe muka sauka a Addis Ababa. Ina zaune ina jiran jirgin Kano, na kasa jingina, ina ta tunanin ko ta tashi, ko ta karya. Wani yaro ɗan Katsina da ke kusa da ni ya haɗa mini wayata da intanet ɗin wurin. Ko minti ɗaya ba a yi ba kira ya shigo. Nura ne. Na miƙe tsaye kafin in ɗauka.

"Lafiya? Ina Safiyar?"

"Lafiya lau, Gwaggo, ga ta nan zaune a ƙasa da kwanonta tana jira." Ina jin ƙarar tukunya tana tafasa a bayansa. "Yakuwar ce ake fara zubawa ko alayyahun?"

Na koma na zauna. Na ce, "Yakuwa. Kuma ka rage wutar, daga nan ina jin yana kamawa."